Shin Ja'afar sunan ɓangare ɗaya ne?

Wannan muhawara ta gudana a zauren WhatsApp na wata zuri'a ta Zariya, kwana uku kafin suna.

Uban jariri, daga Sabon Gari: Assalamu alaikum. Kamar yadda kuka ji, Allah ya sauki mai ɗakina lafiya, kuma na yi wa yaron huɗuba da Ja'afar. Kawu ya kira ni ya ce in sake tunani, domin a ganinsa sunan 'yan Shi'a ne. Na kawo maganar nan ne don manya su sa baki.

Kawu, daga Ƙofar Doka: Ɗana, ban ce sunan haramun ne ba. Abin da na ce shi ne, 'yan Shi'a suna lissafa Ja'afarus Sadiƙ a matsayin limaminsu na shida, har mazhabarsu ta fiƙihu ana kiranta Ja'afariyya. Mu kuwa a Zariya muke, kuma tun bayan rikicin sojoji da 'yan Shi'a na Disambar 2015 duk inda mutum ya ce daga garin nan yake sai an ƙara kallonsa. Yaron da zai je karatu ko neman aiki a wani gari, a ga Ja'afar a takardarsa sannan a ga Zariya, me ya sa za mu ɗora masa tambayar da ba shi ya jawo ta ba?

Malamin zaure, daga Unguwar Juma: Alhaji, damuwarku ta uba ce, amma tarihi bai goyi bayan maganar ba. Ja'afar na farko da Musulmi suke yi wa takwara shi ne ɗan Abu Ɗalib, yayan Sayyidina Ali, wanda ya yi magana da yawun Musulmin da suka yi hijira zuwa Habasha. Lokacin da Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi ya nemi a mayar musu da su, Ja'afar ne ya tsaya gaban Najjashi, sarkin Habasha, ya bayyana abin da Musulunci yake kira a kai, ya karanta masa farkon Suratu Maryam, har sarkin ya yi kuka ya ƙi miƙa su. Ya dawo Madina a shekara ta 7 bayan hijira, daidai da buɗe Khaibara, ya kuma yi shahada a yaƙin Mu'uta, cikin ƙasar Jodan ta yau, a shekara ta 8, bayan ya karɓi tuta daga Zaidu ɗan Harisa aka sare masa hannuwa biyu. A cikin Bukhari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi kama da shi a halitta da ɗabi'a, kuma Ibn Umar idan zai gai da ɗan Ja'afar yakan kira shi ɗan mai fukafukai biyu. Shi ma Ja'afarus Sadiƙ, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 148, malamin Imam Malik ne, ruwayarsa tana cikin Muwaɗɗa da muke karantawa a zaurukan garin nan, mahaifiyarsa kuma jikar gidan Sayyidina Abubakar ce. Ta wace hanya za a ce ba namu ba ne?

Yayar uban jariri, daga Samaru: Allah gafarta Malam, ni ina tare da ƙanena, sai dai ina da tambaya a kan ma'anar sunan. Na sha gani a Facebook ana cewa Ja'afar sunan wani kogi ne a Aljanna, kuma da wannan hujjar na so in lallashi Kawu.

Malamin zaure: Hajiya, kada ki dogara da wannan. Ƙamusoshin Larabci irin su Lisanul Arab sun fassara ja'afar da kogi, musamman ƙarami mai gudu, kwatankwacin Kubanni da damina, kuma ana kiran taguwa mai yawan nono da wannan kalma. Ruwayen Aljanna da Alƙur'ani ya ambata da suna su ne irin Kausara da Salsabila da Tasnim. Larabawa mutanen sahara ne, ruwa mai gudu a wurinsu alama ce ta yalwa da kyauta, kuma wannan ma'ana ta wadatar.

Gwaggo, daga Tudun Wada: Ni ban yi karatun Malam ba, amma Yaya, kai ka fi ni sanin cewa Sarkin Zazzau Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, tun kafin a ji ɗuriyar wannan rabuwa a garin nan. Iyayenmu da sunansa suke lissafin shekaru, sai ka ji an ce an haifi wane zamanin Ja'afaru. Kuma marigayi mahaifinmu, duk lokacin da aka yi rasuwa a maƙwabta ya sa muka ɗauki kwanon tuwo da miya muka kai, yakan tuna mana cewa Annabi ne ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci ranar da labarin rasuwarsa ya iso. A gidanmu muka ji sunan, ba a wurin kowa ba.

Kawu: Duk wannan na yarda da shi, amma tarihi daban, abin da mutanen yau suke ji a kunnensu daban. Wanda zai yi wa yaro mummunan zato ba zai buɗe Muwaɗɗa ba.

Ƙanen uban jariri, daga Kongo: Kawu, a gafarce ni in sa baki. Idan kunnen mutanen yau ne ma'auni, to ina ganin Ja'afar ɗin da ya fi zama a kunnen Bahaushe shi ne Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda ake sauraron tafsirinsa na masallacin Indimi a Maiduguri har gobe, wanda aka harbe yana limancin sallar asuba a masallacin Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu, 2007. Malamin Sunna ne da kowa ya san matsayinsa. A layinmu kaɗai akwai samari masu sunan da aka yi musu takwara da shi. Idan muka fara gudun duk sunan da 'yan Shi'a suke girmamawa, sai mu bar Ali da Hassan da Husaini da Fatima, alhali kusan babu ɗaki a gidanmu da ba a kiran ɗayansu.

Kawu: Maganar Malam Ja'afar ta shige ni, domin ni ma ina da kaset ɗinsa a mota. Na janye cewa sunan na ɓangare ɗaya ne. Fargabata game da yadda ake kallon 'yan Zariya a waje tana nan, sai dai na gane cewa canza wa yaro suna ba zai kawar da ita ba. Haƙƙin raɗa suna na uba ne, ɗana, ka bar shi yadda ka yi huɗuba.