Don Allah a taimaka min da kalmar "melodie" a tsohon harshen Sukots

Salam 'yan uwa, kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Ina fassara wasu baituka na mawaƙan Sikotilan na ƙarshen ƙarni na 15, zamanin su William Dunbar da Robert Henryson, kuma "melodie" sai fitowa take, wani wurin ma a rubuta ta "melody" tunda lokacin kowa da irin rubutunsa. Na san ta shigo musu ne ta Faransanci, asalinta kuma Girkanci, to amma yadda suke amfani da ita ya fi na Turancin yanzu faɗi, kukan tsuntsaye da asuba melodie ne, waƙar mala'iku melodie ce, in aka ce mutane sun "mak melody" kuma sau da yawa murna da shagali ake nufi, ba kiɗa kawai ba.

Na sa "kari" sai ya koma ma'aunin waƙa, "rauji" ya fi kusa amma bai zauna wa tsuntsu ba, "amo" kuma babu zaƙin a ciki, ni kuwa zaƙin nan nake tsoron ya ɓace. Malamai, kalma ɗaya zan riƙe ko in riƙa sauyawa gwargwadon baiti?