Me ya sa rundunar dodanni ba ta hawan doki?

Abba: Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da na lura da shi a labaran nan na ƙage da ake gwabza yaƙi tsakanin mutane da dodanni, littafi ne ko fim ko gem, kullum mutane ne a kan doki su kuwa dodannin ko dai a ƙasa ko kan wata dabbar dawa. Orc, wato dodannin littattafan marubuci Tolkien (The Hobbit da The Lord of the Rings), manyan kyarketai suke hawa waɗanda ake kira warg, na gem ɗin Warcraft ma kyarkeci, na wasan Warhammer aladen daji. Ni dai a wajena dalilin ɗaya ne tak, doki ba zai yarda dodo ya hau shi ba, warinsa kawai zai ji ya tsinke igiya. Wanda yake da ja bismillah.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ina bayanka Abba, kuma tarihi ma yana bayanka. Doki dabba ce da ake farauta a dawa, shi ya sa idanunsa suke gefe da gefe yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, kuma makaminsa na farko gudu ne. Hirodotus ya kawo labarin yaƙin Sairus na Farisa da Kurisus sarkin Lidiya wajen shekara ta 547 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Lidiya sun fi ƙarfin dawakai, sai Sairus ya sauke kayan raƙuman ayari ya jera su a gaba, dawakan na jin warin raƙumi suka juya da mahayansu. Haka giwayen Sarki Firus suka yi wa dawakan Rumawa a Hirakiliya a 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). To dabbar da raƙumi ya firgita ina ga halittar da ke warin jini da mushe?

Maman Hanif: Baban Khalifa ai misalinka shi ne ya rushe maganarka. Dawakan Lidiya ba su taɓa ganin raƙumi ba ne shi ya sa, je ka Agadas ko kasuwar dabbobi ta Maigatari ka ga ko doki yana gudun raƙumi. Ranar hawan sallah 'yan bindiga suna ta sakin wuta a gefen dawakai ga hayaƙi ga kakaki ga tambura kuma dokin sarki yana tafiyarsa a natse, horo ne kawai. Kuma shi kansa Tolkien ya amsa wannan tambayar, mahayan nan tara, Nazgul, waɗanda karnuka ke kuka in sun wuce, ai a kan baƙaƙen dawakai suka shigo ƙasar Shaya neman Frodo jarumin labarin, dawakai na gaske masu jini da tsoka. Frodo ya tambayi jagoransu Gandalf ya aka yi dawakan suke jure su, ya ce masa a Mordor, ƙasar Sauron babban mugun labarin, aka haife su aka raine su don wannan aikin. In doki zai ɗauki Nazgul to Orc wasa ne.

Abba: Dawakai tara fa Maman Hanif, tara kacal. Horar da tara daban, horar da dubu goma daban.

Ɗan Barno: To yanzu ka zo wajen Abba, amma ka bar maganar tsoro ka dawo maganar ciki. Ni a gidan dawakai na tashi, wanda bai taɓa riƙe doki ba bai san wahalarsa ba wallahi. Goɗiya wata goma sha ɗaya take da ciki ta haifi ɗa ɗaya, dukushin nan sai ya yi shekara uku zuwa huɗu kafin ka ɗora masa sirdi da gaske, kuma duk tsawon lokacin nan ci yake ba ya maka aikin komai. Babban doki a rana zai ci abinci wajen kilo 10, harawa da dusa da hatsi ga kanwa, ruwa kuwa lita 30 ba komai ba ne in ana zafi. Ba ya iya amai, in ka ba shi abinci ba kan ƙa'ida ba ciwon ciki kawai zai kwantar da shi ya tafi. Ga kofato ga ƙaska ga gyambon sirdi. Yanzu ka duba inda Orc suke zama, kogo ne a ƙarƙashin duwatsu ko filin toka na Gorgoroth a Mordor da ko ciyawa ɗaya babu, ina za a kafa turke? Kuma rana ba ta yi musu ba, da dare suke tafiya, doki kuwa ba a sukuwa da shi cikin duhu a kan duwatsu sai dai in so kake ka karya shi.

Abba: Yaya to in maganar ciki ce ai kyarkeci ya fi tsada nesa ba kusa ba. Doki ko ba komai zai yi kiwo a hanya, kyarkecin da zai ɗauki ƙato da sulke nama nawa zai ci a rana? Runduna guda sai dai ka biyo ta da garken shanu. Kuma bayan dangin kare lanƙwasa yake in yana gudu, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba.

Malam Idi: Abba ya yi gaskiya a nan. Kuma Ɗan Barno ka manta Mordor ba toka ce duka ba, a kudancinta akwai Nurn, manyan gonaki a bakin tafki da bayi ke nomawa, daga nan ake ciyar da rundunar. Sauron bai rasa hali ba kuma ya san darajar doki, Eomer, jagoran baraden ƙasar Rohan, da bakinsa ya ce Sauron ya aiko yana son sayen dawakan Rohan da tsada suka hana shi, shi ne ya koma turo Orc suna sacewa, kuma baƙaƙen suke zaɓa. Ku lura, Orc ne ke sato dokin amma ba su ake ba wa ba. A The Hobbit na 1937 ma marubucin ya faɗa ƙarara cewa suna cin doki da kuru da jaki, kuma haka ƙananan dawakan su Bilbo jarumin littafin suka ƙare a cikin dutse. Saboda haka ni a ganina hukuncin marubuci ne. A Turai ɗaruruwan shekaru mai doki shi ne mai daraja, talaka shi ne dakare, Tolkien kansa ya taɓa shiga rundunar dawakai ta King Edward's Horse yana ɗalibi a Oxford kafin yaƙin duniya na farko. Doki alamar mutumin kirki ce a labarin, ba zai ba wa mugu ba.

Anti Larai: Malam Idi ka kusa amma ban yarda da ƙarshen ba. Mugaye suna da doki a littafin nan sosai. Haradrim, mutanen kudu da suka zo taya Sauron, suna da barade, a yaƙin filin Pelennor sarki Theoden na Rohan da kansa ya kutsa cikinsu ya kashe shugabansu ya kayar da tutarsu mai baƙin maciji. Kuma ko a tarihinmu doki bai taɓa zama shaidar gaskiya ba, a Tabkin Kwatto a 1804 Yunfa ne mai dawakai da lifidi, jama'ar Shehu yawancinsu a ƙasa suke da kwari da baka. Layin da marubutan nan suka ja tsakanin mutum da wanda ba mutum ba ne. Duk abin da Ɗan Barno ya lissafo, sake karanta shi, wannan ba lissafin kuɗi ba ne kawai, lissafin haƙuri ne. Rundunar dawakai tana nufin akwai wani da ya tashi tsakar dare saboda goɗiya na naƙuda, akwai yaron barga da ya yi shekara huɗu yana shafa wuyan dukushi yana masa magana har ya yarda da linzami. Ranar da marubuci ya nuna mana Orc yana wanke wa dokinsa gyambo to ya gama, mai karatu zai fara tambaya ashe yana da tausayi, yana da gida, yana da uwa? Daga nan ba za ka iya kashe dubunsu a shafi ɗaya mai karatu yana murna ba. Wannan abin yana damuna gaskiya, don hanyar da ake bi a cire wa halitta mutuntaka kenan kafin a halatta jininta.

Abba: To Anti warg ɗin fa, ba rainonsa suke ba?

Malam Idi: A'a, a The Hobbit ba dabbar gida ba ce. Suna da shugabansu da yarensu, Gandalf yana kan bishiya yana jin abin da suke cewa a taronsu. Ƙawance ne na kai hari, a je tare a raba ganima. Wannan ya ƙarfafa maganar Anti Larai.

Baban Khalifa: Ku duba Game of Thrones kuma, dodannin ƙanƙara White Walkers doki suke hawa amma matacce. Me ya sa sai matacce? Don mai rai ba zai tsaya ba. Tsoron dai da Abba ya faɗa.

Anti Larai: Ko kuma don matacce ba ya buƙatar a ba shi ruwa ko a kwana a kansa. Sun samu tsayin doki da kwarjininsa ba tare da ɗawainiyarsa ba.

Maman Hanif: Akwai kuma buƙatar labarin kanta da ba wanda ya taɓo. Orc kullum sun fi yawa ninkin ba ninkin, dole a bar wa mutane wani abu ɗaya da suka fi su. Uruk-hai, manyan Orc ɗin da suka sace Merry da Pippin abokan Frodo, kwana da kwanaki suna gudu a ƙafa, su Eomer suka cim musu a bakin dajin Fangorn suka kewaye su suka gama da su. Da a kan dawakai suke da tuni sun isa sansaninsu na Isengard labari ya canza. Haka mahayan Rohan 6,000 da suka iso Pelennor da asuba, in abokan gaba ma duk barade ne zuwan nasu ba zai girgiza kowa ba.

Abba: Amma Anti ga Gimli, wada abokin tafiyar Frodo, mutumin kirki ne kuma ƙin hawa ya yi, sai dai abokinsa Legolas ya goya shi. Rashin doki bai cire masa komai ba.

Anti Larai: Shi ɗaya ne ƙanina, kuma an nuna mana abotarsa da kukansa ta wasu hanyoyin. Dubi Sam, aminin Frodo, da ba jarumin doki ba ne, kurun nan Bill da suka saya a Bree duk ƙashi a waje, shi ya yi jinyarsa har ya murmure, da aka zo ƙofar Moria aka ce a sake shi Sam kuka ya yi. Nemo min shafi ɗaya da aka ba wa Orc irin wannan.

Abba: A Tolkien babu, amma a Warcraft akwai ƙabilar Orc ta Frostwolf da suke rayuwa da kyarketansu kamar 'yan uwa, kuma Thrall ɗan ƙabilar jarumi ne a labarin ba mugu ba. An ba su tausayi an ba su gida, duk da haka ba a ba su doki ba. Wannan Anti sai ki yi min bayaninsa.