Baƙin mai ya cika ramin fulogi, mota na kakkarwa: zan iya canja fakin da kaina?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san injin Toyota. Motata Corolla ce ƙirar 2005, mai injin 1ZZ, da ita nake zuwa makarantar da nake koyarwa a Zariya, ƙarshen mako kuma in leƙa Kaduna. Yau mako uku ke nan, in na tashe ta da safe sai ta riƙa kakkarwa a silo, wato injin na aiki mota na tsaye, har sitiyari yana rawa a hannuna. In na taka totur a kan tudu sai ta dinga fizga kamar mai shaƙuwa. Fitilar cek, mai nuna akwai matsala a injin, ta kama, ranar Juma'a ma har ƙyaftawa take yi. Ga wani ƙaurin ƙonannen mai da ke shigowa ciki in na tsaya a danja.

Na kai ta wajen wani yaro mai na'urar duba mota, ta nuna P0303. Ya ce silinda ta uku ce ba ta cin wuta, koyil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya mutu. Na sayi koyil ɗan Beljiyam aka sa, ta lafa kwana huɗu, ta koma gidan jiya. To jiya Asabar na ce bari in gani da idona. Na kwance noti ɗaya na zaro koyil ɗin, sai ga robarsa sharkaf da baƙin mai yana ɗiga. Na haska fitilar waya cikin ramin, fulogin a nutse yake har wuya. Rami na biyu ma da danshi.

Bakanikena ya ce gasket ne, in bar masa motar kwana biyu, kuma kuɗin da ya yanka sun kusa rabin albashina. Shin aikin da mutum zai iya yi a ƙofar gida ne? Ina da sufanu, kuma ni nake juyen baƙin mai da kaina.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ka koma ka tambaye shi wane gasket yake nufi, don guda biyu ne kuma tsakaninsu kamar sama da ƙasa. Akwai tof gasket, wanda ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa. Wannan in ya ƙone za ka ga mota na zafi, ruwan lagireto na raguwa, mai ya koma kalar shayi da madara. Shi ne aikin kwana biyu. Naka kuwa, yadda ka bayyana, fakin murfin sama ne, robar da ke zagaye da tof koba. A injin 1ZZ robar haɗe take da zobban da ke tsare ramukan fulogi guda huɗu. Zafin shekara da shekaru ya busar da ita ta zama kamar ƙashi, mai ya samu hanya ya gangara ramin.

Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu. Ka bari injin ya huce sarai, ka cire kan batir. Soket lamba 10 zai yi maka kusan komai. Ka zare wayoyin koyil a hankali, don maƙallansu sun tsufa, da ka matsa da ƙarfi sai su karye. Ciro koyil huɗun, cire tiyoyi biyu da ke jikin murfin, ka kwance notuna. In murfin ya ƙi tashi, bubbuga shi da tafin hannu ko guntun katako. Kada ka kuskura ka cusa sukundireba a tsakani ka banƙara, alminiyam ne, in ya yi zane ko sabon fakin ba zai riƙe ba.

Abin da yara ke ɓatawa a gareji shi ne gam. Sai ka ga an shafe fakin gaba ɗaya da shi kamar ana shafa wa burodi bota. Wuri biyu kawai yake buƙata, inda murfin sarƙar taimin ya haɗu da kan injin, ɗigo kamar ƙwayar wake. Ragowar in ta yi yawa sai ta gutsure ta faɗa cikin mai, ta je ta toshe rariyar famfon mai, kuma wannan ɓarnar ta fi wadda ka zo gyarawa.

Ɗan Tasha:
Baba ya gama magana, ni dai kashedi ɗaya zan ƙara, don na ɗanɗana. Notunan nan ƙanana ne, ɗaurinsu bai wuce wajen 10 a ma'aunin Nm ba, wato ƙarfin wuyan hannu kawai. Ni da na yi na Camry ɗina na ɗauka in na ƙara ɗaurewa yoyon zai fi tsayawa. Na ji "ƙas", noti ya guntule a ciki. Sai da na ɗauko mai walda da dirila, aikin safiya ya kai ni magariba. Ka fara daga na tsakiya kana tsallakawa zuwa gefe, zagaye biyu ko uku, kaɗan-kaɗan.

Sannan wajen sayen fakin ka buɗe ido. Ko Ƙofar Ruwa ka je ko Panteka, akwai mai kyau akwai na banza, kuma leda iri ɗaya suke zuwa. Ka lanƙwasa robar ka gani, mai kyau tana da laushi ta dawo daidai. Fakin Beljiyam kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ya riga ya sha zafinsa a wata motar.

Injiniya Mai Shakka:
Ni ban ce kada ka yi ba, amma kada ka sa ran canja fakin kaɗai zai kashe kakkarwar. Shi mai ba shi ne yake satar wutar kai tsaye ba. Robar koyil yake kumburarwa ya lalata, sai tartsatsin ya samu hanya ya bi jikin farin tangaran ɗin fulogi ya sauka a ƙarfe, maimakon ya tashi a bakinsa. In ka ciro fulogin ka ga wani siririn baƙin layi a jikin tangaran kamar an ja da fensir, to ya tashi aiki, gogewa ba ta raba shi da shi. In ka mayar da shi zai sake cinye sabuwar robar.

Ka kuma duba inda man yake. In a waje ne, wajen tangaran, fakin ne. In bakin fulogin ne ya yi baƙi da maiƙo, wato ɓangaren da ke cikin silinda, wannan maganar ringi ce, wato zobban fistin, kuma an san tsofaffin 1ZZ da shan mai ta nan.

Hanyar gane koyil ba sai ka saya ba: ɗauke na uku ka kai na ɗaya, na ɗaya ka kawo na uku. Silinda ta ɗaya ita ce ta ɓangaren sarƙar taimin. In lambar ta koma P0301, koyil ne. In ta tsaya a P0303, nemi laifin a fulogi ko nozul mai fesa fetur. Kuma don Allah daina hawa hanyar Kaduna da ita matuƙar fitilar tana ƙyaftawa. Ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana ƙona indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, kuma ka san kuɗin indomi.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya, Baba: man da ya taru a ramin fa? In na kwance fulogin ai ciki zai zube.

Tsohon Bakanike:
Shi ya sa ba a kwance shi sai an tsane ramin. Sami sirinji a kemis ka sa masa guntun tiyo ka zuƙe, sauran ka naɗa tsumma mai tsabta a jikin siririn sanda ka goge. Ɗan abin da ya rage in ya faɗa ba komai, hayaƙi zai yi na minti kaɗan ya wuce. Soket ɗin fulogi lamba 16 ne. Wajen mayarwa ka fara juya shi da yatsu har ya shiga sosai kafin ka ɗora hannun sufana. Tunda murfin na hannunka, cire bawul ɗin numfashin injin, wanda ake ce wa PCV, ka girgiza shi a kunnenka. In bai yi ƙara ba ya toshe, kuma shi ke tara iska a cikin injin tana tura mai ta kowace kafa.

Baban Hanifa:
'Yan uwa na dawo da labari. Na yi aikin yau Lahadi bayan sallar asuba, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, Hanifa na riƙe min da kwanon da nake zuba notuna. Awa uku ya ci min, ba ɗaya ba, don gogewar bakin murfin kaɗai ta kusa awa guda. Tsohon fakin ko lanƙwasuwa bai yi ba, gutsurewa ya riƙa yi a hannuna kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Sirinji biyu da rabi na zuƙo daga rami na uku.

Injiniya, maganarka ta fito. Layin fensir ɗin nan yana nan a jikin fulogi na uku, tun daga sama har ƙasa. Bakinsa kuwa a bushe yake, alhamdu lillahi, ba ringi ba ne. Na sa sababbi huɗu, Denso SK16R11. Koyil ɗin da na saya wancan makon robarsa ta riga ta kumbura, sai na ɗauko tsohon nawa da aka ce ya mutu, na sa masa sabuwar roba na mayar. Yana aiki lafiya lau. Ashe kuɗin koyil ɗin nan asara kawai na yi.

Ɓarna ɗaya na tafka: maƙallin wayar koyil na biyu ya karye duk da kashedin Baba, yanzu da igiyar roba na ɗaure shi. Da na tashe ta ta yi farin hayaƙi har maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambayar ko lafiya, bayan minti biyar ya ɗauke. Na je Samaru na dawo, sitiyari shiru, fitilar cek ba ta sake kamawa ba.

Bawul ɗin PCV dai na girgiza shi ban ji komai ba. Baba, wankewa da fetur zai wadatar, ko sabo zan nema?

Tsohon Bakanike:
Wanke shi ka sake girgizawa. In ya yi ƙara mayar da abinka, in ya yi shiru sayi sabo, ba shi da tsada. Bayan mako guda kuma ka zaro koyil na uku ka sake haska ramin.