rsyslog ya ƙi satifiket ɗin da na sa wa hannu da kaina, ku taimaka

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani shagon sari a nan Kumasi, babban ofis a Aboabo, reshe ɗaya a Kejetia, ɗaya a Tamale, duka injuna tara, Ubuntu. Bara an yi rigima kan wanda ya shiga tsarin kuɗi da tsakar dare, aka nemi shaida aka rasa, har aka sallami yaro ɗaya, 'yan'uwansa suka zo, sai da dattawan unguwa suka shiga tsakani. Tun daga nan maigida ya ce log ɗin kowane inji, wato bayanan abin da ke faruwa a cikinsa, ya riƙa taruwa a saba ɗaya; manhajar rsyslog ce ke tura su. Da farko ta UDP 514 nake turawa, tsirara, duk wanda ya tare hanya zai karanta. Sai na koma TLS mai ɓoye saƙo a ƙofa 6514, na haɗa CA tawa (mai sa wa satifiket hannu) da openssl ta shekara goma, na kwafa fayilolin zuwa kowane inji. Na ofis suna turawa lafiya. Na Kejetia yana cewa `peer name not authorized`. Na Tamale yana yi, amma da an ɗauke wuta an dawo da ita, shiru. Masu binciken lissafi za su zo ƙarshen wata, barci ya ƙaurace mini.

Baban Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin dattawa, ba ka ba mu ko layi ɗaya na saitinka ba. Na Kejetia dai ba sai na gani ba: lambar IP ka rubuta a `target`, satifiket ɗin saba kuma suna ne a cikinsa. A yanayin `x509/name`, idan ba ka sa `StreamDriverPermittedPeers` ba, rsyslog yana gwada abin da ka rubuta a `target` da sunan da ke cikin satifiket. Na ofis suna kiran saba da suna ta DNS na cikin gida, shi ya sa suka wuce. Rubuta sunan saba a `StreamDriverPermittedPeers` harafi da harafi yadda yake a SAN (jerin sunayen da ke cikin satifiket), ka gudanar da `rsyslogd -N1` kafin ka sake tayar da shi. Tambayata kuma: da ka ce ka kwafa "fayilolin", har da makullin sirri na CA?

Ɗan Aboabo: Yaya, duk jakar na kwafa, don kada in manta wani abu. Ai injunanmu ne, ba na baƙo ba.

Baban Asawase: Inna lillahi. To ba ka da CA, abin da kake da shi hatimin sarki ne ajiye a kan teburin kowane mai shago. Duk wanda ya samu root a injin Kejetia zai sa wa kansa hannu, ya zama saba ko ya zama kowane reshe, ya turo log na ƙarya. Kuma wanda kake son kamawa na cikin gida ne, kai ka faɗa da bakinka. Wannan CA ta mutu, sake sabuwa.

A inji marar intanet, ko tsohuwar laftof da ke kulle a durowa, ka haɗa makulli RSA 4096 da kalmar sirri. Satifiket ɗin CA ya ɗauki `basicConstraints=critical,CA:TRUE` da `keyUsage=keyCertSign,cRLSign`. Kowane inji ya haɗa makullinsa a cikin kansa, CSR (takardar neman sa hannu) kaɗai zai fita, ka sa hannu ka mayar masa. Na saba `extendedKeyUsage=serverAuth`, na rassa `clientAuth`, kowa da sunansa a SAN. Abu uku ne ke zama a kowane inji: ca.pem, satifiket ɗinsa, makullinsa. A saba kuma ka jera sunayen a `PermittedPeer` na imtcp, sashen rsyslog mai karɓar log. CA shekara goma ba laifi, na injuna shekara ɗaya ko biyu.

Mai Waya Suame: Duk wannan wahala ta me? Let's Encrypt kyauta ce, certbot yana sabuntawa da kansa kafin kwana 90 su cika. Ko ka sa `anon` a AuthMode, hanya a kulle take, ka yi barcinka. Masu gida nan ko UPS ba sa son saya, kullum "sidi ya faɗi", amma aikin banki suke so a yi musu.

Baban Asawase: `anon` yana ɓoye abin da ke tafiya, amma ba ya tambayar da wa yake magana. Kowa zai iya tsayawa a tsakani. Let's Encrypt kuwa sai da sunan yanki na fili, kuma idan ka amince da CA ta duniya ka yi sakaci da jerin sunaye, duk mai satifiket daga can ya zama ɗan gida.

'Yar Sabon Zango: Malam, kun bar Tamale a baya. Wannan agogo ne. Batirin CR2032 na allon inji ya mutu, da wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma baya, inji ya ga satifiket bai kai ranar fara aiki ba ya ƙi shi. Ɗan'uwa, bayan wuta ta dawo ka buga `timedatectl`, ka gwada da `openssl x509 -noout -dates -in` fayil ɗin. Canja batir, ka tabbata chrony ko systemd-timesyncd na aiki, UDP 123 a buɗe take. Sannan ka sa layin jira a omfwd, sashen rsyslog mai tura log: `queue.type="LinkedList"`, `queue.filename`, `queue.saveOnShutdown="on"`, da `action.resumeRetryCount="-1"`. In ba haka ba, duk abin da aka rubuta lokacin da hanya ta yanke zai iya salwanta, kuma shi ne lokacin da ɓarawo ke so.

Wani abu kuma: a Ubuntu rsyslog yana sauka zuwa mai amfani `syslog`, don haka makullin da root kaɗai ke iya karantawa zai iya hana shi tashi. Idan 24.04 ce, AppArmor ma yana hana karanta fayil daga wuraren da bai sani ba, duba `dmesg` ka nemi DENIED.

Ɗan Aboabo: Na gode, Hajiya. Agogon zan duba, duk da injin bai daɗe da saye ba. Maganar sake CA kuwa, Yaya, Tamale ba nan kusa ba ce, kuma yaron can bai iya komai ba sai buga rasit. Na goge ca.key, makullin sirri na CA, daga injuna takwas yanzu. Bai wadatar ba?

Baban Asawase: Ka san wanda ya kwafa kafin ka goge? Kwafin ajiyar da ake yi duk dare fa, ba ya ciki? Ba sai ka hau mota ba, kana da SSH. Sa tsohuwar CA da sabuwa cikin ca.pem ɗaya a ko'ina, ka sauya injuna ɗaya bayan ɗaya, ka gwada kowanne da `openssl s_client -connect` kafin ka cire tsohuwar.

Mai Waya Suame: Ko ka ɗora WireGuard, kullalliyar hanya ta VPN, tsakanin rassan, ka manta da satifiket gaba ɗaya.

'Yar Sabon Zango: Ni da RELP, mai tabbatar da saƙo ya isa, zan bi da TLS, TCP zalla yana iya zubar da saƙon da ke kan hanya idan layi ya yanke.

Ɗan Aboabo: Kejetia ya fara turawa, alhamdu lillahi, sunan ne. CA ɗin zan bar ta haka har masu bincike su tafi, ba zan taɓa abin da ke aiki ana saura mako biyu ba. Tamale kuma wayar yaron a kashe take tun azahar.