Murhu, gammo ko wuya? Neman sunan abin da madubin hangen nesa ke zama a kai

Jama'a, ina da tambaya ga masu Hausa a baki, amma bari in fara da abin da ya jawo ta.

Wani ɗan'uwa ya sayo mini kayan madubin hangen nesa, na hannu ba sabbi ba, daga Ingila. Madubin ya iso, ƙarfen da ke riƙe shi yana juya shi ma ya iso, irin wanda ake kira EQ5, amma ƙafafun ba su zo ba, nauyinsu ya fi ƙarfin jakarsa. Na ce ba komai, ai ina da tsohuwar mai ƙafa uku ta kyamara, ƙaƙƙarfa kuwa. Da na ɗora, notin ya shiga, ya yi zagaye huɗu ko biyar lafiya lau, sai ya cije. Allah ya so ni ban sa ƙarfi ba.

Na buga wa wani dattijo mai injin gyaran ƙarfe waya. Na ce, "Baba, abin ne ya ƙi zama a kan abin." Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗan nan, wane abin, a kan wane abin?" Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Turawa suna da kalma biyu a nan: tripod ga ƙafafun, mount ga ƙarfen da ke tsakaninsu da madubin. Ni kuwa duka biyun "abin ɗorawa" nake ce musu. To, me za mu kira kowanne?

Kafin a kawo shawara, ga abin da na gano game da notin, don matsalar ita za ta nuna mana yawan sunayen da muke bukata. Notin saman ƙafafun kyamara awon inci ne, ko 1/4 ko 3/8. Nawa 3/8 ne, kaurinsa milimita 9.5, haƙoransa 16 a kowane inci, wato tazarar milimita 1.59 tsakanin haƙori da haƙori. Ramin da ke gindin EQ5 kuwa awon mita ne, M10: kauri milimita 10, tazara 1.5. Sun yi kusa ƙwarai, shi ya sa suke yaudara. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a zagaye guda, amma yana taruwa, kafin zagaye na shida ya kai rabin milimita, sai haƙora su hau kan juna. Notin ƙarfe ne, gindin alminiyam ne, kun san wanda zai ci wani. Babban yayansa EQ6 ma M12 yake ɗauka, don haka ko a gida ɗaya ba kowa ke sa takalmin kowa ba.

Da na yi wa mutane tambayar sunayen nan, amsa ta farko daga wata Hajiya ce, malamar makaranta. Ta ce, "Malam, me ya kai ka nesa? Murhu mana. Duwatsu uku, tukunya a kai, ba ta gocewa." Gaskiya na ji daɗin wannan, don ta taɓo ainihin hikimar. Tebur mai ƙafa huɗu yana rawa idan ƙasa ba ta daidaita ba, sai an cusa masa kwali. Mai ƙafa uku ba ya rawa ko a kan tudu da kwari, kowace ƙafa dole ta taɓa ƙasa. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin Galileo ya ɗaga madubinsa sama a 1609. Sai dai, Hajiya, ki yi haƙuri. Murhu da wuta yake tafiya a kunnen Bahaushe. Ranar da na ce wa yaro "ɗauko murhu mu je duban wata", gawayi zai haɗo mini da shi.

Wasu suka ce a bar shi ƙafa-uku kawai, tun da kalmar asali ma abin da take nufi ke nan a Girkanci. Wani matashi daga Kano ya yi dariya, ya ce, "Yaya, mai ƙafa uku ai adaidaita sahu ce." Haka ne, amma ita sai an ce babur mai ƙafa uku ko Keke. Idan ana zancen kyamara ko madubi, babu mai tsayar da adaidaita. Na karɓi ƙafa-uku. Ba ta da ado, amma ba ta bukatar bayani, kuma masu ɗaukar hoto za su iya amfani da ita gobe da safe.

Ɗaya kalmar, wato mount, ita ce ta ba mu wahala.

An kawo mazauni. Ban yarda ba, don mazauni zaune yake, shi kuwa wannan ƙarfen aikinsa motsi ne. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma idan madubi ya ƙara girman abu sau 100, tauraro yana ficewa daga idonka cikin minti biyu ko ƙasa da haka. Dole wani abu ya riƙa bin sa a hankali. Wanda ya ce majuyi ya fi kusa, kuma ginin kalmar daidai yake, kamar mabuɗi da madubi. Amma ta manta da ɗaukar nauyi, kuma na faɗe ta sau uku a bakina, ba ta zauna ba.

Wani malami daga Damagaram ya ce a Faransanci monture ake cewa, kalmar da ake kiran dabbar hawa da ita, don haka me zai hana sirdi? Ranka ya daɗe, sirdi yana da wurinsa, amma ba nan ba. A can ƙololuwar ƙarfen akwai wani maƙali da ke damƙe sandar da ke ƙarƙashin madubi. Masu faɗin kusan milimita 44 ana ce musu irin Vixen, masu faɗin kusan 75 irin Losmandy. Nan ne madubi ke hawa ya zauna, a ɗaure shi. Wannan shi ne sirdi, kuma ba na jin akwai mai ja.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne wuya. Wuya ne ke ɗauke da kai, shi ke juya shi dama da hagu, shi ke ɗaga shi sama. Kuma da zarar ka ce wuya, faifan saman ƙafa-uku ya sami suna a ɓagas: kafaɗa. "Wuyan bai zauna a kafaɗa ba." Ku faɗe ta ku ji. Ko Baba mai injin ƙarfe, da bai taɓa leƙa madubin hangen nesa ba, zai gane inda ciwon yake.

Zaman wuya a kafaɗa kuwa ba noti kaɗai ba ne, nan ma na sha mamaki. Gindin wuyan yana da ɗan tudu zagayayye da ke faɗawa cikin rami a kafaɗa, milimita 60 a EQ5, 65 a EQ6. Sannan a gefen kafaɗa akwai wani ɗan ƙarfe a tsaye, wanda sukurori biyu na wuyan ke tokara daga dama da hagu idan ana saita shi da tauraron arewa. Ba sai an yi taro a kansa ba, turke ne. Ƙafa-ukun kyamara ba ta da rami, ba ta da turke, shimfiɗaɗɗen faifai ne kawai. Ashe ko da notina ya dace, wuyan lilo zai riƙa yi.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu mu kaɗai, 'yan kusa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Irin wannan wuyan ana kwantar da shi ne daidai da digirin garinka, wato nisansa daga wannan layin. A Landan 51 ne, yana kallon sama sosai. A Kano 12 ne, Sakkwato 13, Abuja 9, wato kusan a kwance yake. Sai sandar da ke ɗauke da dutsen daidaita nauyi ta sauko ta bugi ƙafar da ke fuskantar arewa. Maganin biyu ne: idan kafaɗar tana da rami na biyu, a mayar da turke can don dutsen ya faɗa tsakanin ƙafafu biyu, a kula kada kayan su kife ta wannan gefen, ko a ƙara wani bututun ƙarfe tsakanin kafaɗa da wuya ya ɗaga shi sama. Masu shirin sayen kaya don duban jinjirin wata, ku tambayi wannan kafin ku biya kuɗi.

Saura gammo. Wani bawan Allah ya dage tun farko cewa ita ce kalmar, har ya ɗan ji haushi da na ƙi. Malam, ba ƙi na yi ba, ajiye ta na yi. Gammo ba ya juya kaya, aikinsa ya shiga tsakanin kai da tulu don su zauna da juna. Faifan da ake ƙerawa a sa tsakanin wuya da kafaɗar da ba tasa ba, ƙasansa awon inci, samansa awon mita, me ya fi shi cancantar wannan suna?

Jiya na koma wurin Baba da wuyan a buhu da ƙafa-ukun a hannu. Na ce gammo nake so ya yi mini na alminiyam: ramin noti 3/8 a ƙasa, a sama rami mai faɗin milimita 60 da noti M10 a tsakiya, da turke a gefe. Ya juya wuyan, ya sa ma'auni a gindinsa, ya ce, "Turken nan, tsawonsa nawa?" Na ce ban auna ba. Ya ce in bar kayan, in dawo ran Asabar.