Ɗaura wa ƙaramar mota turbo: abin da muke gani a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi

Ɗan Asawase

Assalamu alaikum, mastoci da iyayen gida. Yara da yawa a unguwa suna maganar ɗaura turbo, wato fankar da hayaƙin inji ke juyawa ta cusa masa ƙarin iska, a kan Corolla mai injin 1ZZ, da Vitz ko Yaris mai 1NZ, da tsohuwar Civic mai D16, kowa kuma da abin da ya jiyo a intanet. Ina roƙon waɗanda hannunsu ya taɓa aikin su faɗa mana: matsin iska nawa injin yake ɗauka, wane kaya ake saye, kuma me ke fara lalacewa?

Baban Gareji, Suwame

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a je ga turbo, a fara da injin da ke cikin motar. A cire filogi huɗun, a auna kwamfireshan injin yana da ɗumi. A 1ZZ kada matsin silinda ya gaza bar 10 (bar ma'aunin matsi ne), kada kuma bambancin da ke tsakanin mai ƙarfi da mai rauni ya wuce bar 1. Injin da ke shan baƙin mai ba a ɗaura masa turbo, domin man da ke shiga ɗakin wuta yana jawo finkin, wato fashewar fetur ba bisa tsari ba a cikin silinda, kuma 1ZZ na farko-farko sun yi suna wajen toshewar zoben mai. A gyara wannan tukun.

Matsalar waɗannan injuna ita ce kamfani ya riga ya matse su. 1ZZ yana da matsi 10 bisa 1, 1NZ kuma 10.5 bisa 1. Dubi 4E-FTE na Starlet, wanda Toyota ta ƙera da turbo tun daga gida: 8.2 bisa 1 aka ba shi, da gangan, don a bar wa iskar turbo wuri. Saboda haka muddin fistin da kwanrod (sandar da ke riƙe da fistin) na asali ne, ni ba na barin matsin turbo ya wuce bar 0.4 zuwa 0.5. Lissafinsa mai sauƙi ne. Iskar da muke shaƙa kusan bar 1 ce, in ka ƙara rabi ka ƙara rabin iskar da injin ke ci. A takarda doki 130 zai koma 195, amma zafi da jan wuta baya, wato jinkirta tartsatsin filogi, suna cin nasu kason, sai ka tsaya wajen 170 zuwa 180. A mota mai nauyin Corolla wannan ba ƙaramin canji ba ne.

Abin da ke fara karyewa shi ne gefen fistin, tsakanin zobe na ɗaya da na biyu. Zafi na sa zoben ya kumbura, bakinsa biyu su haɗu, ba shi da wurin zuwa, sai ya ɓalle gefen. In har an buɗe injin, a goge bakin zoben sama har tazararsa ta kai kusan milimita 0.35 zuwa 0.40 a silinda mai faɗin milimita 75 kamar ta 1NZ da D16. Na biyu shi ne kwanrod, musamman na 1NZ da yake siriri: yana lanƙwashewa ne idan aka take mai har ƙasa a babbar giya injin na juyi kaɗan, turbo ta cika da wuri.

Mai Waya, Aboabo

Masta ya yi gaskiya, amma ni a wurina turbo ita ce abu mafi arha a aikin. Injin da ake kawo mana a fashe, yawancinsu ƙarancin fetur da saurin wuta ne suka kashe su, ba yawan iska ba.

Kwanturol bod na asali, wato kwamfutar injin, bai san akwai matsi ba. Kana ba shi iska fiye da yadda aka tsara masa, shi kuma yana ba da wuta a lokacin da ya saba. Ana buƙatar abu huɗu. Nozul: doki 180 a silinda huɗu yana son wajen cc 370 zuwa 440 kowanne, don kada su yi aiki fiye da kashi 80 cikin 100. Famfon mai: Walbro 255 ya isa har ya yi yawa, sai dai a kula da jabu, kuma a ja masa waya mai kauri da rile nasa. Na uku, na'urar auna haɗin iska da mai mai faɗin karatu, wadda ake ɗaurawa a salansa. Sensar asali 14.7 kaɗai ta sani sosai, wato kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, alhali a cikin matsi muna neman 11.5 zuwa 12. In ka ga 13 ƙafarka na ƙasa, ɗaga ta nan take. Na huɗu, kwamfutar da za ta iya jan wuta baya.

A Civic abin ya zo da sauƙi, ana komawa bod na P28 a sa masa Hondata S300, a rubuta taswirar mai da ta wuta yadda ake so. A Toyota wasu na goya wa bod na asali GReddy e-Manage ko AEM F/IC. Yana aiki, amma bod na asali yana koyo: ya ga an ƙara mai, sai ya riƙa ragewa a hankali, bayan mako biyu motar ta canja hali. Wanda ke da hali ya sa mai zaman kansa irin Megasquirt ko Haltech, ya bar na asali yana kula da dashbod da iyakwandishan.

Akwai abin da mutane ke mantawa a 1ZZ da 1NZ: layin mai ba ya komawa tanki, matsinsa a tsaye yake tsakanin bar 3 da 3.4. Idan manifol na shigar iska ya ɗauki bar 0.5, nozul na tura mai ne a kan wannan matsin, sai abin da yake fesawa ya ragu da kusan kashi 8 cikin 100 daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ko a cike giɓin a taswira, ko a ja layin komawa da regileta mai tashi tare da matsi.

Wuta kuma, a fara da ja baya digiri 1 kan kowane psi, bar 0.5 wajen psi 7 ke nan, sannan a riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan ana saurare. Filogi a sauka mataki ɗaya mai sanyi, a NGK daga lamba 6 zuwa 7 ko daga 5 zuwa 6, tazara milimita 0.7. Fetur lamba 95 kawai. Wanda ya san zai riƙa shan 91 saboda tsada, don Allah ya bar motarsa yadda take.

Dillalin Kaya, Abosokai

Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Gana. Ku yi hattara da turbo hom yus da ke zube a kasuwa, da yawansu na dizal ne. Masu fukafukan da ke motsi a ciki ba sa jure hayaƙin fetur, wanda ke iya haura digiri 900, sai su maƙale. Ku nemi TD04L irin ta Subaru, ko K03 ta Golf, ko dangin GT25 na Garrett. Babba ba ta da amfani a inji 1.5, sai juyi ya kusa ƙarewa take farkawa. Ka kama sandar tsakiya da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fanka ba ta taɓa jiki, amma motsi gaba da baya alamar ta gama ne. A duba tsagewa wajen ƙofar wesget, mai sakin hayaƙi don kada matsi ya wuce kima, a tambayi kuma sifirin ɗinta na bar nawa ne, domin ba a iya sauka ƙasa da abin da sifirin ya ba da.

Mai Walda, Suwame

A Toyota biyun nan salansa a baya take, wajen bangon da ya raba inji da direba. Turbo za ta zauna kusa da bututun birki da wayoyi da robar sitiyari, dole a yi mata garkuwar zafi a kuma kauda waya. A D16 gaba take, matsalarta lagireto da fanka.

Manifol na hayaƙi a yi shi da bututu mai kaurin milimita 3, a kuma yi wa turbo ƙafa da za ta ɗauki nauyinta daga jikin inji. Siririn ƙarfe mai ƙyalli da ake kawowa ba ya jure ramukan hanyoyinmu, yana tsagewa a bakin walda.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne baƙin mai. Shigarsa ana ɗauka daga wurin suwic ɗin matsin mai. Turbo mai boris tana son matsattsen rami kusan milimita 1, mai bushin galibi ba ta buƙata. Fitarsa kuwa babu famfo, gangara ce kawai. Bututun ya kai milimita 16 a ciki, ya sauka ba lanƙwasa, ya shiga kaskon mai sama da inda mai yake tsayawa. A cire kaskon kafin a huda shi, kada garin ƙarfe ya zauna ciki. Turbo da yawa da ake cewa sun mutu don suna hayaƙi mai shuɗi, lafiyarsu ƙalau, mai ne ya rasa hanyar fita. Bututun intakula, mai sanyaya iskar turbo, inci 2 zuwa 2.25 ya isa, a yi wa bakinsa ƙulli don kada roba ta fizge. Salansa daga turbo inci 2.5.

Ɗan Asawase

Na gode, mastoci. To mai otomatik fa? Kuma yara suna son bawul ɗin nan mai atishawa idan an canja giya.

Mai Waya, Aboabo

Ƙanena, 1ZZ da 1NZ suna auna iska ne tun daga bakin shiga. Iskar da bawul ya watsar waje an riga an lissafa mata mai, sai injin ya cika da fetur, ya yi baƙin hayaƙi, wani lokaci ya mutu a mahaɗa. A mayar da ita cikin bututu bayan sensa. D16 matsin manifol yake karantawa, shi ba ruwansa.

Baban Gareji, Suwame

Vitz mai CVT, otomatik ɗin nan mai bel, a manta da ita, bel ɗinta zai zame. Otomatik mai giya huɗu tana ɗauka a bar 0.4 idan an ƙara mata kula mai sanyaya man giya. Mai hannu kuwa kulocin asali zai fara zamewa a giya ta huɗu, a canja shi tun injin na ƙasa.

Alhajin Tafo

Ni ban yarda da hanyar gaba ɗaya ba, kuma zan faɗa saboda yaran da ke karantawa. Ku tara kuɗin turbo, nozul, famfo, kwamfuta, intakula, kuloc da ladan masu aiki uku, ku ajiye kusa da kuɗin Golf 4 mai 1.8T. Wannan ta fito da doki 150 daga kamfani, fistin ɗinta da sanyayawarta an yi su don matsi, kayanta kuma suna nan a Magazin. Mai tsohuwar Starlet ko Tercel ya nemi 4E-FTE cikakke da wayoyinsa da bod. TRD, sashen tsere na Toyota, ta taɓa yi wa Corolla da Matrix na 2003 da 2004 sufacaja, mai cusa iska kamar turbo amma bel ke juya ta, in an dace da ita aikin ya fi tsabta don babu layin mai daga inji babu zafin salansa, sai dai samunta da wuya. Ƙaramar fankar lantarki da ake tallatawa da sunan turbo kuwa ba ta haɗa matsi ko kaɗan, tare hanyar iska take yi.

Baban Gareji, Suwame

Alhaji, maganarka a kan hanya take, wanda bai sayi mota ba tukun ya bi ta. Wanda ya riga ya fara, ga yadda muke kunnawa. A cire fiyus na famfon mai a juya inji har fitilar baƙin mai ta mutu, don turbo ta jiƙe kafin ta juya. A toshe bututu a hura iska bar 1, a bi mahaɗai da ruwan sabulu. A sa bawul mai hanya ɗaya a bututun numfashin inji da ke zuwa manifol, in ba haka ba matsi zai koma cikin inji ya turo sil. Gwaji na mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon kwamfuta da kunne a kan inji, a giya ta uku, a wurin da babu mutane, ba kan hanyar Ankara ba. Finkin yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Da an ji shi a ɗaga ƙafa, a ja wuta baya digiri 2. A maimaita gwajin da tsakar rana, domin taswirar da ta yi daidai da asuba tana iya finkin bayan an daɗe a cunkoson shataletalen Suwame intakula ta ɗauki zafi.

Filtar iska kada ta sauka ƙasan bamba saboda ruwan damina, a kuma duba ta akai-akai lokacin hunturu, ƙura na cinye bakin fankar turbo. Baƙin mai 5W-40 na sintetik, a canja duk kilomita 5,000, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye bayan gudu kafin a kashe. Birki da taya a gyara su kafin ranar gwaji. Wanda ya canja inji gaba ɗaya ya je DVLA, hukumar rajistar motoci, lambar injin ta dace da takarda, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa abin da aka yi wa motar.