Laifes ya ɗan haura a takardar gwaji: me kuke gani a wajen aiki?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum. Ana yawan kawo takardar gwajin jini mai laifes 85 (sinadarin narkar da maiƙo da fankiriyas ke samarwa), alhali iyakar ɗakin gwajin 60 ce, mai ita ya tsorata wai fankiriyas ɗinsa, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci, ta lalace. Masu aikin asibiti, ku ba mu haske.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba a kiran kumburin fankiriyas na farat ɗaya sai abu biyu cikin uku sun haɗu: ciwo a ƙahon zuciya mai ratsawa zuwa baya, laifes ko amiles (sinadarin narkar da sitaci) ya ninka iyaka sau 3, ko hoto ya nuna. Idan iyaka 60 ce, sai 180 ake fara magana. Kuma kowane ɗakin gwaji da iyakarsa, don haka a maimaita a wuri ɗaya bayan 'yan makonni.

Likitan ciki: Abin da ke damuna, mutane na neman ciwo mai daɗewa a gwajin da ba ya nuna shi. Fankiriyas da ta daɗe tana lalacewa sau da yawa laifes ɗinta daidai yake, ko ma ƙasa, domin naman da ke samar da shi ya ƙare. Alamunta su ne rama, bayan gida mai maiƙo da ɗoyi yana yawo saman ruwa ya ƙi wankuwa, da ciwon suga da ya zo daga baya. Sai a yi hoton CT a nemi tsakuwa cikin fankiriyas, a gwada ilastes, wani sinadarin da take samarwa, a bayan gida: ƙasa da 200 abin dubawa ne, ƙasa da 100 ya yi tsanani. Kada a kai samfurin gudawa, ruwan na sa lambar ta faɗi ta ƙarya.

Nas a sashen ƙoda: Likita, a haɗa da kiriyatinin, gwajin aikin ƙoda. Ƙodar da ba ta tacewa sosai tana barin laifes da amiles su taru a jini.

Mai harhaɗa magunguna: Gaskiya ne, Sista. A tambayi magunguna ma: kodin, da allurar suga irin semaglutide, domin suna iya ɗaga laifes. Hangum kan ɗaga amiles, domin yawu ma na ɗauke da shi. Mai shan taba ko giya ya daina yanzu. Idan ciwo ya tsananta da amai, ko ido ya yi rawaya, a tafi asibiti ranar, tsakuwar matsarmama na iya toshe hanya.